Jiragen baƙi daga taurari: abin da lissafi ya yarda da shi da abin da ya ƙi

Wani matashi daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ya aiko mini da tambaya kan gardamar da ta raba majalisarsu gida biyu. Ya ce: "Malam, wasunmu sun ce jiragen halittun wasu duniyoyi da ake nunawa a bidiyo ƙarya ce tsagwaronta, domin kimiyya ba ta yarda da abin da ake cewa suna yi ba. Wasu kuma sun ce halittun da suka riga mu wayewa da shekara miliyan babu abin da zai gagare su, kuma dokokin kimiyyarmu ba su ɗaure su ba. Su wane ne ke da gaskiya?"

Ɗan'uwa, hujjar ɓangare na biyu ta fi daɗin ji, amma ita ce ta fi rauni, domin ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai abin da ya gagare mu saboda ƙarancin kayan aiki, ko kuɗi, ko ƙwarewa, kuma irin wannan lokaci yana warware shi. Akwai kuma abin da ya saɓa wa ƙa'idar da aka gwada sau da yawa ba a taɓa ganin ta karye ba, kamar cewa makamashi ba ya fitowa daga babu, kuma irin wannan tsufan wayewa ba ya sayen sa. Mafi yawan abubuwan da ake danganta wa baƙin sararin samaniya suna cikin kashi na farko, amma waɗanda suka fi burge mutane a bidiyo suna cikin na biyu ko dab da shi.

Bari in keɓe maganar aljanu da mala'iku tun da wuri, domin na san ba a rasa mai kawo ta a majalisa. Wannan babi ne na gaibu, kuma malaman addini ke da hurumin magana a kai. Tambayarka kuwa a kan abubuwa ce masu jiki da nauyi, waɗanda ake cewa na'urar rada ta gan su, kyamara kuma ta ɗauke su. Duk abin da haske ya sauka a kansa ya dawo cikin kyamara, to ya shigo inda ake iya awo.

Kalmar "kimiyyarmu" ita ce tushen ruɗanin. Ƙa'idojin fiziks ba mallakar mutanen duniya ba ne, kuma muna da hanyar tabbatar da haka ba tare da mun je ko'ina ba. Idan aka warware hasken tauraro zuwa launukansa, kowane sinadari yana barin tambarinsa na layuka a wurare sanannu, kuma layukan haidurojin da ƙarfe da ake gani a hasken taurari masu nisan gaske su ne dai waɗanda ake gani a ɗakin gwaji. An fara ganin alamar sinadarin hiliyom a hasken rana a shekarar 1868, ba a kuwa samo shi a doron ƙasa ba sai a 1895. Saboda haka duk wanda zai ƙera jirgi a wata duniya, da irin sinadaran da muka sani zai ƙera shi. Wani Ba'amurke mai suna Bob Lazar ya yi iƙirari a 1989 cewa jiragen baƙi suna aiki ne da sinadari mai lamba 115. Daga baya masana a Dubna ta ƙasar Rasha tare da abokan aikinsu na Amurka sun haɗa wannan sinadari a 2003, sai aka tarar nau'o'insa da aka samu suna wargajewa kafin cikar daƙiƙa ɗaya, ba abin da za a zuba a tanki ba ne.

Ɓangare na biyu za su ce maka ai da can an ce jirgin sama ba zai yiwu ba, ga shi ya tashi a 1903. Amma babu wata ƙa'idar fiziks da ta taɓa hana abu mai nauyi tashi, tunda ungulu da shaho suna tashi a gaban kowa. Injin da ke da ƙarfi ba tare da nauyi mai yawa ba ne aka rasa. Haka kuma lokacin da Einstein ya zo da nazariyyarsa a 1905 da 1915, bai rushe lissafin Newton ba, ya nuna iyakarsa ne kawai, kuma da lissafin Newton ɗin aka kai mutum duniyar wata a 1969. Sabon ilimi yakan faɗaɗa tsohon, amma dole ya yarda da duk gwajin da aka riga aka yi.

Yanzu ga nisa. Haske yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, wato tsakanin Kumasi da Accra bai kai masa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Duk da wannan gudu, yana ɗaukar sa shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, mai nisan kilomita kusan tiriliyan 40. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kilomita kusan 17 a daƙiƙa, kuma da a ce can ya nufa, da sai ya shafe shekara sama da 70,000 a hanya. Wannan maƙwabcinmu na ƙofar gida ke nan, a cikin tarin taurarin da muke ciki, wanda faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 100,000.

To, a ce baƙin suna gudun kashi goma cikin ɗari na gudun haske, yadda za su iso daga Proxima cikin shekara arba'in da 'yan kai. Babu ƙa'idar da ta hana wannan, amma akwai farashi, kuma ana iya lissafa shi da darasin sakandare: makamashin abu mai motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau goma, makamashi ya ninka sau ɗari. Ɗauki GhanaSat-1, ɗan tauraron ɗan'adam da injiniyoyin jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa aka harba a 2017, wanda nauyinsa kilo ɗaya ne. Kafin a kai wannan kilo ɗaya ga wancan gudu, ana buƙatar duk wutar da madatsar ruwa ta Akosombo ke iya bayarwa, megawat 1,020, har tsawon kwana biyar, a bisa zaton ba a yi asarar komai ba. Makamashin nan ya yi daidai da bom irin na Hiroshima guda bakwai. Idan kuwa jirgi ne mai tan dubu ɗaya, wanda ƙarami ne ƙwarai ga masu tafiyar shekara arba'in da abincinsu da ruwansu, Akosombo za ta yi ta aiki shekara kusan 14,000, ko kuma a ce an tattara mafi yawan makamashin da dukan mutanen duniya ke amfani da shi a shekara guda an ba jirgi ɗaya. Sannan idan ya iso sai ya sake biyan wannan farashi domin ya tsaya, tunda a sararin samaniya babu ƙasa ko iskar da za a taka birki a kanta.

Matsalar ta fi haka muni idan jirgin yana ɗauke da man da zai ƙona, domin man da za a ƙona gobe shi ma kaya ne da dole a tura yau. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya fitar da lissafin wannan tun 1903, kuma abin da lissafin ke nunawa shi ne roka mai ƙona sinadarai, wadda hayaƙinta ke fita da gudun kilomita huɗu da rabi a daƙiƙa, ba za ta taɓa kusantar irin wannan gudu ba ko da an mayar da dukan duniya mai. Dole a koma ga makamashin nukiliya, ko a bar injin a gida a riƙa tura jirgin da haske. Shirin Breakthrough Starshot da aka sanar a 2016, wanda Stephen Hawking ya mara wa baya, wannan hanya ta biyu ya zaɓa: hasken leza mai ƙarfin gigawat ɗari, kwatankwacin Akosombo ɗari, domin tura na'ura mai nauyin 'yan giram kawai zuwa kashi ashirin cikin ɗari na gudun haske. A takarda ne abin yake, amma ya nuna girman abin da ake magana a kai.

Gudu kuma yana mayar da ƙura makami. Mu mutanen Kumasi muna da shaida a kusa da mu: tafkin Bosomtwe yana cikin ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, rami mai faɗin sama da kilomita goma. Irin waɗannan duwatsu sukan zo da gudun kilomita ashirin a daƙiƙa ko kusa da haka. Jirgin da muke lissafi a kai ya ninka wannan gudu sau 1,500, don haka kowane giram da ya yi karo da shi yana ɗauke da makamashin da ya ninka sama da sau miliyan biyu. Ƙwayar ƙura mai nauyin miligiram ɗaya za ta dake shi da ƙarfin nakiya mai nauyin kilo ɗari. Ana iya yin garkuwa, amma garkuwa nauyi ce, nauyi kuwa ƙarin makamashi yake nema.

Wuce gudun haske shi ne wurin da nake tsayawa in ce wa ɓangare na biyu a'a. Gwargwadon yadda abu mai nauyi ya kusanci gudun haske, gwargwadon yadda ƙarin makamashi ke raguwa wajen ƙara masa gudu, har ya zama babu adadin da zai kai shi. Kullum ana ganin haka a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, inda ake kora ƙwayoyin firoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, a zobe mai tsawon kilomita 27, su wuce kashi 99.9999 cikin ɗari na gudun haske amma ba su taɓa cike gurbin ba. A 2011 wani gwaji mai suna OPERA a Italiya ya ba da rahoton cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna niyutirino sun riga haske isowa, duniya ta ɗauka, sai a 2012 aka gano wata wayar haske ce ba a ɗaura ta da kyau ba. Abin da ya fi nauyi ma shi ne, bisa nazariyyar Einstein, duk wanda zai iya aika saƙo da gudun da ya wuce na haske, zai iya shirya yadda amsa za ta iso kafin a aika tambaya, wato sakamako ya riga sababinsa.

Masu karatu a cikinsu za su ambaci Miguel Alcubierre, masanin fiziks ɗan ƙasar Meziko, wanda ya nuna a 1994 cewa lissafin Einstein ya yarda a matse sarari a gaban jirgi a buɗe shi a bayansa, yadda jirgin zai isa wuri da sauri ba tare da shi kansa ya yi gudu ba. Lissafin daidai ne, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai ya fara ne daga siffar sararin da yake so, sannan ya tambaya wane irin abu zai samar da ita, amsar kuwa ita ce abu mai makamashi ƙasa da sifiri, mai yawan gaske, wanda ba a taɓa samun sa a dunƙule ba. Ramukan da ake cewa suna haɗa wurare biyu masu nisa su ma wannan abu suke buƙata kafin su zauna a buɗe. A ganina ƙofa ce da aka zana a bango, kuma ko da ta buɗe, matsalar sababi da sakamako tana nan.

Akwai abin mamakin da fiziks ya yarda da shi, wanda ɓangare na farko ya kamata su sani kafin su ce komai ƙarya ne. Lokaci yana tafiya a hankali ga mai gudu. An auna haka da agogunan atam da aka ɗora a jiragen sama a 1971, kuma agogunan taurarin GPS da wayarka ke dogara da su sai an gyara musu bambancin kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, wanda ya haɗa tasirin gudu da na nisa daga ƙasa. A kashi 99 cikin ɗari na gudun haske, tafiyar da mu za mu ƙirga shekara saba'in, matafiyin shekara goma zai ƙirga. Amma farashin makamashin ya ninka na gudun kashi goma cikin ɗari sama da sau dubu.

Abin da ya fi dacewa da hankali shi ne baƙo marar gaggawa kuma marar rai: na'ura ƙarama, mai gyara kanta, wadda ba ta ci ba ta sha, kuma ba ta damu da shekara dubu goma ba. Sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, duniyarmu kuwa biliyan 4.5, kuma tun daga 1995 an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari. Da gudun kashi ɗaya cikin ɗari na haske ana iya ratsa tarin taurarinmu cikin shekara miliyan goma, wanda ɗan lokaci ne a wannan ma'auni. Wannan ne ya sa masanin fiziks Enrico Fermi ya tambayi abokan aikinsa a 1950: in baƙin suna nan, ina kowa ya shiga? Shi ya sa ma da aka ga 'Oumuamua a 2017, abu na farko da aka tabbatar ya shigo mana daga wajen gidan rana, Avi Loeb na jami'ar Harvard ya ce mai yiwuwa ƙirarre ne. Yawancin masana taurari ba su yarda da shi ba, ni ma ban ga hujjar da ta isa ba, amma maganarsa ba ta karya wata ƙa'ida ba.

Sai mu dawo kan bidiyon, inda ake cewa abu ya tashi daga tsaye zuwa gudun dubban kilomita a sa'a cikin ƙiftawar ido, ya yi kwana kamar kusurwar ɗaki, ba ƙara ba hayaƙi. Duk wanda ya taɓa shiga trotro direba ya taka birki ba zato ya san jiki ba ya son a sauya masa tafiya farat ɗaya. Abin da ya kai gudun kilomita ɗaya a daƙiƙa cikin daƙiƙa guda yana ɗora wa na cikinsa ninki ɗari na nauyinsu, wato mutum mai kilo 70 ya ji kamar tan bakwai. Matuƙan jiragen yaƙi da rigarsu ta musamman suna jure ninki tara na ɗan lokaci, kuma John Stapp na sojan saman Amurka, wanda ya jure ninki 46 a 1954, sai da jini ya cika masa idanu. In faɗi gaskiya, wannan bai kashe maganar ba, domin na'ura marar rai tana iya jure ninki dubbai. Iska ce ke kashe ta. Duk abin da ya ratsa iska da gudun da ya wuce na sauti, kimanin kilomita 1,200 a sa'a, dole ya ture iskar gefe, turewar kuma ita ce ƙarar da ake ji da zafin da ake gani. Dutsen da ya shigo ta kan garin Chelyabinsk na Rasha a 2013 ya haska sama fiye da rana, ƙararsa ta farfasa tagogi, mutum kusan 1,500 suka ji rauni. Wayewar matuƙi ba ta sauya halin iskarmu.

Idan haka ne, me ake gani a bidiyon? Ma'aikatar tsaron Amurka ta saki bidiyo uku a hukumance a watan Afrilun 2020, kuma rahoton hukumar leƙen asirinsu na Yunin 2021 ya duba aukuwa 144 ya iya bayyana ɗaya kacal, wani balan-balan da ke sacewa. Mutane suka ɗauki sauran 143 a matsayin shaidar baƙi, alhali abin da rahoton ya ce shi ne bayanan ba su isa a yanke hukunci ba. Kyamara ɗaya ba ta iya faɗa maka nisan abu, kuma idan ba ka san nisa ba, ba ka san girma ko gudu ba. Idan kyamarar tana kan jirgi mai gudu, abin da ke shawagi a hankali tsakaninta da teku zai bayyana kamar yana tsala gudu a kan ruwa, kuma da aka yi lissafin ɗaya daga cikin bidiyon ukun da lambobin da ke jikin hoton, haka aka samu. Kwamitin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a 2023 da ofishin da ma'aikatar tsaron ta kafa domin wannan bincike, a rahotonsa na Maris 2024, duk sun ce ba su sami shaidar fasahar wata duniya ba.

Sauran baiwar da ake danganta wa baƙin ba ta buƙatar dogon bayani. Tsawon rai da jure wahala ba abin musu ba ne, tunda akwai wani kifin shak na tekun Girinlan da ke wuce shekara 270, kuma wasu ƙananan halittu da ba a gani sai da madubin ƙara girma sun rayu bayan an bar su a fili a sararin samaniya a 2007. Halittar da ke magana da 'yan'uwanta ta igiyar rediyo ko ta wutar lantarki ma mai yiwuwa ce, ganin akwai kifayen da ke yin kusan haka. Amma karanta zuciyar ɗan'adam daga nesa wani abu ne daban, domin siginar ƙwaƙwalwa tana da rauni ƙwarai, sai an kai na'ura dab da kai ake jin ta. Ɓoyewa daga rada an riga an yi, ɓoyewa daga ido a wani launi ma ana gwadawa, amma injin da ke sarrafa makamashi mai yawa dole ya fitar da zafi, zafin kuwa na'ura tana ganin sa. Haɗin ƙwayoyin zarra na nesa da juna, wato yadda awon ɗaya ke dacewa da na ɗayar komai nisansu, wanda aka ba da kyautar Nobel ta 2022 a kansa, gaskiya ne, sai dai an tabbatar ba a iya aika saƙo da shi fiye da gudun haske.

Idan majalisarku tana son abin da zai raba gardama, abubuwa biyu ne za su gamsar da masana. Na farko sigina ce ta rediyo mai maimaituwa daga wuri ɗaya a sama, wadda cibiyoyi daban-daban za su ji da kansu, irin na'urar mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse kusa da Accra, wadda aka ƙaddamar a 2017. Siginar da aka ji a jihar Ohayo ta Amurka a 1977 ta daƙiƙa 72 ce ba ta sake dawowa ba, wadda kuma aka ji daga wajen Proxima a 2019 an gano daga na'urorin mutane ta fito. Na biyu guntun ƙarfe ne a hannu. Sinadarai iri ɗaya ne a ko'ina, amma kason nau'o'in kowane sinadari masu nauyi da marasa nauyi ya bambanta daga gidan wani tauraro zuwa wani, kuma ana auna shi daidai a ɗakin gwaji. An kai wa cibiyar Oak Ridge ta Amurka wani guntu na maganiziyom da bismut da aka daɗe ana cewa daga tarkacen jirgin baƙi ya fito, kuma sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna kason sinadaransa irin na nan duniya ne.